Ƙwaƙwalwa Ta Yi Gaba, Zuciya Tana Baya: Labarin Yara Masu Baiwa Na Ƙasar Sin

Kowa ta gyara zama, domin yau tafiya za mu yi mai nisa, har ƙasar Sin, ba tare da mun taka ko soron gida ba.

Zancenmu na yau a kan yara masu baiwa ne. Kun san irinsu. Yaron da tun bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba ya iya karatu, ko yarinyar da malami zai faɗi abu sau ɗaya ta riƙe, ta kuma jefo masa tambayar da shi kansa sai ya tsaya ya yi tunani. Mu dai in muka ga irin wannan yaro, sai mu ce ai wannan ya gama haye wa, uwarsa ta huta. To, Sinawa sun fi shekara 40 suna tara irin waɗannan yara wuri ɗaya suna koyar da su, kuma abin da suka gani ya isa a zauna a saurara. Sun ga cewa ƙwaƙwalwar yaro tana iya yin shekara 20 alhali zuciyarsa tana nan a shekararta 12, kuma ita zuciyar ce ke ɗaukar nauyin duk abin da manya suka ɗora.

Bari mu fara da yadda karatu yake a can, don mu gane nauyin da ake magana. A ƙasar Sin akwai wata babbar jarrabawa ta shiga jami'a da suke kira Gaokao, ana yin ta a watan Yuni kowace shekara. A shekarar 2024 sama da ɗalibai miliyan 13 ne suka yi rajistarta. Makin da yaro ya samu shi ke yanke jami'ar da zai shiga, jami'ar kuma ita ke buɗe masa ƙofar aiki. Sannan ga wani abu: daga wajejen 1980 har zuwa ƙarshen 2015, doka ta taƙaita yawancin ma'aurata, musamman na birni, ga haihuwar ɗa guda. Ke da Allah ya ba shida ko bakwai, in wannan bai yi karatu ba kina sa ran wancan zai yi. Su kuwa ɗa ɗaya ne tak, ga uwa da uba, ga kakanni huɗu, idanu goma sha biyu duk a kansa. In ya ci, gida ya ci. In ya faɗi, yana ganin ya zubar wa zuri'a mutunci, abin da su suke kira zubar da fuska. To, ina ga wanda tun yana ƙarami aka ce masa shi na daban ne?

A watan Maris na 1978, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Ƙasar Sin da ke birnin Hefei ta buɗe wani aji na musamman don yara masu baiwa. A lokacin ƙasar ba ta daɗe da fitowa daga hargitsin shekara goma ba, daga 1966 zuwa 1976, wanda ya durƙusar da makarantu, tana kuma neman masana kimiyya ido rufe. Wani shahararren masaninsu mai suna Tsung-Dao Lee, wanda ya ci kyautar Nobel a 1957, shi ya ba shugabanni shawarar a riƙa zaƙulo haziƙai tun suna ƙanana. Aka fara da yara 21. Ƙaraminsu shekararsa 11, kuma an ba da labarin yadda yake yawo a harabar jami'a yana gara wani zagayayyen ƙarfe da sanda, kamar yadda yaranmu ke gara taya a lungu. Kun ji fa, ɗalibin jami'a ne, amma wasan ƙuruciya bai sake shi ba. Ai kuwa ba laifinsa ba ne, shekarunsa ne.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Ning Bo, ɗan shekara 13. An kai shi gaban mataimakin firaministan ƙasar, Fang Yi, suka buga wani wasa nasu mai kama da dara, wanda ake yi da fararen duwatsu da baƙaƙe, yaron ya cinye shi. Jaridu suka ɗauka, ƙasa ta ɗauka. Iyaye suka riƙa nuna wa 'ya'yansu hotonsa suna cewa, "Dubi ɗan mutane, kai kuwa kana nan."

Amma me ke cikin zuciyar shi ɗan mutanen? Shi ilmin taurari yake so, ya nemi a bar shi ya koma jami'ar Nanjing inda ake koyar da shi. Aka hana, don jami'arsa ba ta son rabuwa da yaron da ya sa sunanta a bakin duniya. Ya zauna ya karanta abin da ba shi ne a ransa ba. Ya gama, aka riƙe shi yana koyarwa tun bai cika shekara 20 ba. To, a nan ne abin tausayin yake. Sau uku yana sa sunansa a jarrabawar neman digiri na gaba, sau uku yana janyewa bai rubuta ba. Mutanen da suka zauna da shi sun ce tsoron faɗuwa ne. Yaron da duk ƙasa ta ce ba ya faɗuwa, ta yaya zai shiga ɗakin da ake iya faɗuwa? A 1998 ya fito a wani shirin talabijin na ƙasar ya soki irin wannan tarbiyya ta mai da yaro abin kallo, a 2003 kuma ya ajiye aikin jami'a ya shiga gidan ibadar addinin Buddha.

'Yan'uwa, ku lura da wannan wuri da kyau. Ning Bo bai rasa ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne yarda da kai. Kuma yarda da kai da nake nufi dabam take da girman kai ko cika baki. Ita ce wannan natsuwa da ke cikin ran mutum mai ce masa, "Abin nan da wuya, amma in na dage zan iya, in ma na faɗi zan tashi." Kin ga ranar da kika fara tuƙa tuwon mutum ashirin, ai gabanki ya faɗi. Da kika yi sau ɗaya ya yi gudaji, kika sake ya yi daidai, yanzu ko na suna aka ce ki tuƙa ba kya ko gezau. Yabo bai ba ki wannan ba, muciya ce ta ba ki. To, matsalar yaro mai baiwa ke nan: komai yana zo masa a sauƙaƙe, bai taɓa yin tuwo mai gudaji ba, don haka bai san cewa ana gyarawa a ci gaba ba. Abin da ya sani kawai shi ne ana sonsa saboda yana zuwa na ɗaya. Ranar da abu ya gagare shi, sai ya ɗauka asirinsa ne ya tonu.

Labari na biyu ya fi shafarmu mu iyaye mata. Wei Yongkang an haife shi a 1983 a lardin Hunan. Ya shiga sakandare yana ɗan shekara 8, ya shiga jami'ar Xiangtan yana da 13, yana da 17 aka ɗauke shi karatun zurfi a babbar cibiyar kimiyya ta ƙasar a birnin Beijing. Mahaifiyarsa ta ba da rayuwarta gaba ɗaya a kan karatunsa. Ita ke masa wanki, ita ke wanke masa fuska, har yana sakandare tana ba shi abinci a baki don kada ya ɗaga ido daga littafi. Wasa da sa'o'insa kuwa, a ganinta ɓata lokaci ne. Da ya tafi jami'a ma ta bi shi.

Sai da ya je Beijing shi kaɗai abin ya fito fili. Sanyi ya sauko, bai san ya ƙara tufa ba. Ɗakinsa kaca-kaca. Bai san yadda ake shiga mutane a yi hira ba, bai san yadda zai tsara lokacinsa ba, har abubuwan karatun ma suka riƙa wuce shi. A 2003 cibiyar ta sallame shi bai sami digirin ba. Daga baya mahaifiyar ta fito ta faɗa wa 'yan jarida cewa ita ce ta cuce shi. Kada mu yi saurin zarginta, domin so ne ya kai ta, kuma wace uwa ce a cikinmu ba ta taɓa cewa, "Bari, zauna ka yi karatunka, ni zan yi"? Alhamdu lillahi labarin bai ƙare a nan ba. Sannu a hankali ya koyi zaman duniya, ya yi aure, ya haihu, ya kama aiki yana ciyar da iyalinsa, har ya rasu a 2021 yana da shekara 38. Abin da ya kamata ya koya yana ɗan shekara 7, sai da ya girma ya koye shi da hawaye.

Sinawa suna da wani tsohon labari da suke buga misali da shi. Wai wani manomi ne ya ƙosa shukarsa ba ta girma da sauri, sai ya bi gona yana jan kowane tsiro sama kaɗan-kaɗan. Ya koma gida yana murna ya taimaki shuka. Da aka je dubawa, duk ta bushe. Mu ma ai mun ce sannu ba ta hana zuwa.

To, waɗannan labaran mutum biyu ne. Me masu bincike suka gano a kan sauran? A Hong Kong akwai wani malamin jami'a mai suna David Chan, wanda ya daɗe yana nazarin ɗalibai Sinawa masu baiwa. A 2003 ya fito da wani ma'auni na gane matsalolin da suke fama da su, ya kasa su gida shida. Ku saurara, wataƙila wata ta ji an siffanta ɗanta.

Na farko, zama da sa'o'i. Yaron yana tsoron in ya nuna iyawarsa abokai su guje shi, har wani yakan ɓoye abin da ya sani don a yi wasa da shi. Na biyu, aikin makaranta ba ya ƙure shi. Ya gama tun ɗazu, yana zaune yana hamma, in ya motsa a ce fitinanne ne. Na uku, ɗaukar abu da zafi. In ya kama abu ba ya ji ba ya gani, in kuma abu ya taɓa shi yakan taɓa shi har ƙashi, maganar da wani yaro zai manta kafin la'asar shi sai ya kwana da ita. Na huɗu, jin cewa shi bare ne, ba irin sauran ba. Na biyar, burin iyaye. Na shida kuwa, son komai ya fita ba aibu ko ɗaya. Wannan shi ne yaron da zai samu 98 ya zo gida yana kuka a kan biyun da ya rasa, ko ya yayyage takarda don harafi ɗaya ya karkace.

Akwai kuma wani abin da ke faruwa idan aka tara haziƙai aji ɗaya. Wani masani mai suna Herbert Marsh da abokan aikinsa sun bi dubban ɗaliban sakandare a Hong Kong, suka buga sakamakon a shekarar 2000. Sun ga cewa yaro biyu masu ƙoƙari iri ɗaya, wanda ya shiga makarantar da kowa gwani ne yakan fi raina kansa a kan wanda ya shiga makarantar da ake da gwanaye da masu rauni. Dalili kuwa a fili yake. Yaro da na kusa da shi yake auna kansa. A garinsu shi ne zakara, da ya zo nan ya tarar gaba da gabanta, jiya na ɗaya, yau na ashirin. Ƙwaƙwalwarsa ba ta ragu da komai ba, amma shi gani yake ta ragu. Alfaharin cewa yana babbar makaranta yakan ɗan rage zafin, sai dai ba ya kashe shi duka.

Irin wannan damuwa ba ta cika fitowa ta baki ba, musamman a al'ummar da ake jin nauyin iyaye kamar ta Sinawa. Likitoci a can sun daɗe da lura cewa mutane da yawa ba sa cewa "raina a ɓace yake", sai dai su ce kai na ciwo, ciki na murɗa, barci ya ƙi zuwa. A 2016 wani mai ba ɗalibai shawara a jami'ar Peking, Xu Kaiwen, ya yi wani jawabi da ya girgiza iyaye. Ya ce yana ganin ɗalibai haziƙai, waɗanda suka ci kowace jarrabawa, amma ba su san don me suke raye ba. Ya sa wa abin suna ciwon fankon zuciya. Duk rayuwarsu maki suke bi, da suka kai ƙololuwa suka duba ciki, wayam. Gwamnatin ƙasar ma ta ga nauyin ya yi yawa, shi ya sa a 2021 ta kafa dokar rage aikin gida da ake jibga wa yaran firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma taka wa masu darasin kuɗi na bayan makaranta birki.

Kada wata ta ji wannan ta ce ashe baiwa masifa ce. A'a. Wancan aji na Hefei ya fitar da mutane da dama da suka yi fice. Akwai Zhang Yaqin, wanda ya shiga a 1978 yana ɗan shekara 12, ya zama babba a kamfanin Microsoft, daga baya ya shugabanci kamfanin Baidu. Akwai kuma 'yar'uwarmu mace, Zhuang Xiaowei, da ta shiga jami'ar tana da shekara 15. Ta zama farfesa a jami'ar Harvard ta Amurka, ta ƙirƙiro hanyar ganin ƙananan abubuwan da ke cikin ƙwayar halitta waɗanda madubin likita na da ba ya iya rarrabewa, har ta ci kyautar Breakthrough ta 2019 mai darajar dala miliyan 3. Baiwa alheri ce. Abin dubawa shi ne me aka gina a ƙarƙashinta.

To, da me ake gina yarda da kai? Wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, wanda ya yi fice a wannan fanni tun 1977, ya ce daga wuri huɗu take ɓuɓɓugowa, kuma duka huɗun suna cikin tsakar gidanki.

Mafi ƙarfinsu shi ne abin da yaro ya yi da hannunsa ya ga ya yiwu bayan ya sha wuya. Don haka kada ki ɗauke wa mai ƙoƙarin karatu aikin gida. Ya wanke kwanonsa, ya wanke rigarsa, a aike shi ya dawo da canji daidai. Ki bar shi ya gwada abin da bai iya ba, ko ɗinki ne ko gyaran fitila, ya ɓata, ya sake. Gara ya fara sanin ɗanɗanon faɗuwa a gabanki, inda akwai mai rarrashi, da ya fara saninsa a bariki shi kaɗai.

Na biyu, ganin wani irinsa ya sha wuya ya kai. Ki ba shi labarin yayansa ko kawunsa da ya faɗi jarrabawa ya sake zama ya ci. Amma ki kiyayi gori. Tsakanin "wane ma ya sha wuya kafin ya iya" da "dubi ɗan wance ya fi ka" akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Na uku, maganar da ake faɗa masa. A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada yaran firamare. Waɗansu aka yabe su da cewa suna da ƙwaƙwalwa, waɗansu aka yabe su da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, 'yan rukunin farko suka fi saurin karaya da gudun abin da zai ƙure su. Saboda haka maimakon kullum "ɗana ai gwani ne", ki riƙa cewa, "Na ga yadda ka zauna wa lissafin nan har ya fita, madalla." Kuma a rage baje kolin yaro a gaban baƙi. Zo ka karanta wa Hajiya, zo ka nuna wa Inna, yau da gobe sai ya ɗauka darajarsa ke nan.

Na huɗu, halin da jikinsa da ransa suke ciki. Yaron da bai yi barci ba, gabansa na faɗuwa, zai ɗauka faɗuwar gaban nan shaida ce cewa ba zai iya ba. Ki tabbata ya ci, ya yi barci, ya fita ya yi wasa da sa'o'insa. Ki gaya masa kowa gabansa na faɗuwa ranar jarrabawa, har malamin ma ya taɓa ji.

Sannan ki zama mai lura, domin labarin zuciya a tambayi fuska. In yaro mai surutu ya koma shiru, in ciwon ciki ba ya tashi sai safiyar jarrabawa, in ya daina cin abinci ko ya ƙaurace wa abokai, in ya fara cewa shi ba shi da amfani, kada ki ce shagwaɓa ce. Ki jawo shi jiki, ki tambaye shi a hankali lokacin da ba kowa, ki bari ya gama magana kafin ki sa baki. Ki sanar da maigida don ya je ya ga malaminsa. In abin ya ɗauki makonni, ko yaron ya ambaci cewa gara ya mutu, to a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kuma da magani.

Wadda kuma za a kai ɗanta ko 'yarta makarantar kwana ta haziƙai, ta shirya shi tun a gida. Ki ce masa, "Can za ka tarar da waɗanda suka fi ka a wani abu, kai ma ka fi su a wani. Ko na nawa ka zo, nan gidanku ne, ni kuma uwarka ce." Ranar da ya dawo hutu, kafin ki tambayi sakamako, ki fara tambayarsa ko ya yi abokai, ko yana cin abinci, ko yana samun barci. Takardar tana cikin jaka, ba inda za ta.

To, 'yan'uwa, agogo ya harare mu. Wadda ta ji wannan zance ta isar wa abokiyar zamanta da maƙwabciyarta da ba su samu saurara ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilmi mai amfani da kwanciyar hankali. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.